Saƙon Muryar da Ya Ɓata Hanya

A ƙungiyar masu kemis ta garin, ita aka ɗora wa kula da zauren da suke tattaunawa ta waya, ta kuma riƙe aikin da zafi har aka laƙaba mata suna Anti Doka. Wanda ya yi zagi, ta goge. Wanda ya kawo siyasa ko tallar kayan matarsa, ta ja masa kunne a gaban kowa, in ya sake ta fitar da shi ya je ya huce. Ana jin haushinta, ana kuma yaba mata, don kafin ta karɓa zauren ba shi da maraba da bakin tasha.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta, Baba Dogo, wanda da shi aka kafa ƙungiyar. Ba ya zagi, ba ya talla. Saƙon murya kawai yake turowa kullum, dogo kamar mai shi, ga shi da i'ina.

Ran nan da hantsi tana jera kwalaben maganin tari, saƙonsa ya shigo, yana gargaɗi kan wani jabun magani da ya cika kasuwa. Ta saurari rabi ta gaji. Ƙanwarta na son irin wannan raha, sai ta danna waya ta kwaikwayi muryarsa don ta tura mata: "Ja-ja-jama'a, a ku-ku-kula!" Ta ƙara da cewa a taimaka a buɗe wa tsohon nan gidan rediyonsa a huta. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta tura. Sai ga wata mata da jariri mai zazzaɓi, ta ajiye wayar ta koma kansu.

Tana sallamar matar, sakataren ƙungiya ya kira.

"Anti, kin kuwa duba inda kika tura saƙon nan?"

Ta duba. A zaure yake, daidai ƙarƙashin na Baba Dogo. Ta goge shi nan take, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, kusan kowa ya ji. Babu wanda ya ce uffan. Da zaginta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

Ta ja ƙofar shago ta rufe, ta tari mota zuwa kemis ɗinsa. Ta same shi zaune a kan benci, yana kusanto da wani kwali dab da idonsa. Ta durƙusa har ƙasa, mayafinta na sharar siminti.

"Baba, na zo ne..."

"Ta-tashi, 'yata. Na ji." Ya ajiye kwalin. "Kin iya ku-kuwa. Matata ma da ta ji, ta ɗauka ni ne."

Ya yi murmushi, amma bai dube ta ba. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Tun ina yaro ake yi mini, ba yau farau ba. Da idona na ganin ƙananan haruffan nan, da ru-rubutu zan riƙa yi muku, kowa ya huta."

"Baba, ka yafe mini don Allah."

"Na yafe. Amma kin ji gargaɗin ma-maganin har ƙarshe?"

Ba ta ji ba. Ya sake faɗa mata daga farko, tana durƙushe, har ya kai aya.

A hanyar komawa ta rubuta wa zaure cewa ta ci mutuncin uba, ta karya dokar da ita ta fi kowa ɗaga murya a kanta, hukuncin da take yi wa wasu shi za a yi mata. Ta miƙa wa sakatare ragamar, ta ce ya fitar da ita.

"Anti, ai haƙurin da kika bayar ya isa," in ji shi.

"Da wani ne ya yi, da zan ce ya isa?"

Ya fitar da ita.

Da wa'adin hukuncin ya cika aka mayar da ita zauren, abin da ta fara nema saƙon Baba Dogo ne. Ta ja sama, ta ja ƙasa, babu. Yana nan a zauren, yana sauraron na wasu, wani lokaci ya ɗaga musu alamar babban yatsa, shi ke nan. Ta kira shi ta roƙe shi ya ci gaba da turowa, ya ce to, in Allah ya yarda. Bai turo ba.

Babu wanda ya taɓa tayar mata da maganar. Sai dai daga baya, da wani sabon shiga ya tambayi yadda ake gane jabun maganin nan, zauren ya yi tsit kusan yini guda. Ita ce ta zauna ta rubuta amsar kamar yadda ta ji a bakin Baba, ta sa sunansa a sama.