Hoton Cikin Uwar Kaya

Hoton cikin da aka ɗauka ranar Laraba a ɗakin ɗaukar shiri na biyu bai wuce daƙiƙa arba'in ba, kuma ba na jarumar ba ne. Na matar da ke kula da kayan shirin ne, wadda kowa a gidan talabijin ɗin ke kira Uwar Kaya. Da aka gama, ma'aikaciyar da ta zo da na'urar ta ce mata ta je asibiti a ranar, kada ta bari sai gobe.

Shekararta tara a aikin. Makullin sito a hannunta yake, ita ta san inda komai yake: waya marar batir, kwalaben magani cike da ruwan shayi, jaririn roba da ta ɗura wa yashi don ya yi nauyi a hannu. Cikin da jarumar ke ɗaurawa ma ita ta yanka shi daga tsohuwar katifa. Nata cikin wata shida ne, shi ne na farko da ya kai haka bayan ɓari biyu. A wurin awo an ce ta yi hoto. Ta yi ta ɗagawa, tana cewa aiki ya yi yawa.

A labarin, jarumar za ta je asibiti a duba ta. Darakta ya ce ba ya son hoton ƙarya a allo, don haka Uwar Kaya ta aro na'ura ta gaske daga wani ƙaramin asibiti, haɗe da mai aiki da ita. Ba wanda ya tuna cewa na'ura ba ta ganin komai a soso sai da aka kunna ta.

"Wannan cikin ko kwana za mu yi, katifa zan gani," in ji mai na'ura.

"To ki ce namiji ne a wuce wurin," in ji jarumar daga kan gado. "Zafi ke kashe ni."

Darakta ya juya ya dubi Uwar Kaya, tana tsaye da farin zanin gado a hannu.

"Ga ciki na gaske yana yawo a gabanmu tun safe!"

"Yallaɓai, ni kaya nake kawowa. Ban zama kayan ba tukuna."

"Fuskarki ba za ta fito ba. Allo kawai, sai hannun Malama mai na'ura. Minti biyu."

Ta ce to. Mai kyamara ya saita kyamarar ya kafe ta, maza suka fita, darakta ya zauna a waje gaban ƙaramar talabijin ɗinsa. Jarumar ta sauka, Uwar Kaya ta kwanta a gadon da ita ta shimfiɗa da safe. Daga nan ta lura zoben labule ɗaya ya fita, ta ce a ranta za ta gyara.

Man da aka shafa mata yana da sanyi. Allon ya yi baƙi, ya yi toka-toka.

"Tubarkalla, Yaya, ga kai!" in ji jarumar.

Magana ɗaya aka ba mai na'ura ta faɗa: lafiya lau yake. Ba ta faɗa ba. Ta matsa gefe, ta dawo, ta danna maɓalli, ta auna wani abu sau biyu.

"Malama, maganarki," in ji darakta ta bayan ƙofa.

Ta sake danna maɓalli.

"Malama!"

"Lafiya lau yake," ta ce, idonta a kan allo.

Darakta ya tafa, ya ce tunda aka fara shirin bai sami ɗauka irin wannan ba.

Mai na'ura ta miƙa mata tsumma, ta rage murya.

"'Yar'uwa, yaushe ya motsa?"

"Da safe. Ina jin da safe ne."

"Zuciya na bugawa, ki kwantar da hankali. Sai dai ruwan ya yi kaɗan, kuma girmansa bai kai na wata shida ba. Ni ba likita ba ce. Amma ki je yau."

Ta rubuta lambobi uku a bayan takardar labarin, ta yaga ta ba ta.

Uwar Kaya ta goge ciki, ta tashi. Ta kwance wa jarumar sosonta, ta ninke zanin gado, ta tattara kwalabe, ta kulle sito. Makullin ta bar wa mai kwalliya, ta nuna mata abin da za a fitar gobe.

"Lafiya, Yaya? Ke da makullin nan ko biki ba kwa rabuwa."

"Zan je in dawo."

A bakin titi ta kira maigidanta, direba ne, yana kan hanya. Ya ce ba ya jin ta sosai. Ta ce ba komai, sai ya sauka.

A asibiti an ba ta lamba ta goma sha bakwai. Likita ya karanta takardar, ya auna jininta ya tarar ya hau, ya sa aka ba ta gado kusa da taga. Yayarta ta zo da bokiti da zani biyu. Likitan ya ce za a sake hoton ranar Asabar, daga nan ne za a san ko cikin zai iya jira har watanninsa su cika.