Hatimin Auta

Ƙarar da injin yake yi idan ƙarfe ya ratsa takarda ba ta da daɗin ji: ƙas, kamar an taka busasshen kara. Wata takwas ke nan ana wannan ƙara a ɗakin, amma har yau in ta fito sai kafaɗar Mai-wuƙa ta motsa. 'Yarsa Auta kuwa ko a jikinta. Ta ci gaba da juya hannun injin har farantan roba biyu suka ɓullo ta ɗaya gefen, ta ɗaga na sama, ta sa tsinin allura ta ɓamɓaro tsuntsu daga cikin siririn ƙarfen da ya yanke shi. Tun jiya ta buga shi da hatimi, ta bar tawadar ta bushe, sannan ta bi shi da fensir mai launi, mai haske tukuna, mai duhu daga baya. Ya fito sumul, har da 'yan yatsun ƙafarsa.

"Na arba'in ke nan," ta ce. "Baba, miƙo mini gam."

Ya miƙa mata da hannun hagu. Na dama yana cikin aljihu.

Auta ce ƙarama a cikin 'ya'yansa huɗu. Shekara biyu da suka wuce mota ta kwashe ta a bakin titi tana dawowa daga kwaleji, ta baro asibiti a keken guragu. Shekara guda cur ta yi tana fuskantar bangon ɗakin nan. A kawo abinci, a ɗauke abinci. In an yi mata magana ta ce "to", shi ke nan. Wata rana ya dawo daga maɗaba'ar da yake aikin yankan takarda da guntayen kwali masu kauri, don uwarta ta shimfiɗa a kan kantar kwanuka. Washegari ya tarar da Auta ta ninke ɗaya gida biyu tana zane a kai. Daga nan ta fara haɗa katunan gaisuwa, yayarta ta aiko da tsohon injin yanka da hatimai na furanni da ganye da tsuntsaye. Shi kuma ya bi kantuna yana sunkuyar da kai, har mai babban kantin littattafai ya yarda ya ba katunan gaisuwar rabin kantar baje kaya kusa da ƙofa. Wannan rabin kanta ita ce duk kasuwarsu. A ganin Mai-wuƙa, ita ce kuma take tsaye tsakanin 'yarsa da bangon.

"Auta, akwai magana."

"Tun ranar Talata nake jiran ta. Kwana shida kana shiga kana fita da hannu a aljihu kamar wanda ya ɓoye ƙwai."

Ya fito da abin, ya ajiye a kan tebur. Hatimi ne mai mariƙin katako. Ta juya shi, ta karanta haruffan da ke a juye ba tare da ta tsaya ba. Sunan kantin ne.

"Ya ce me?"

"Ya ce katunan suna tafiya sosai. Ya yaba, wallahi ya yaba. Sai dai mutane suna juya bayan kati, su ga tambarinki da lambar wayarki, su yi ta tambaya. Ya ce kayan da ke kantinsa, sunan kantinsa ya kamata su ɗauka."

Tambarin nata da hannunta ta sassaƙa shi a jikin robar goge fensir: 'yar taya mai wayoyi shida, irin ta kekenta. A ƙasan bayan kowane kati take buga shi.

"Shi ya zauna ya shafa wa tsuntsun launi?"

"Ba wannan ake magana ba."

"Shi bayansa yake ciwo da yamma?"

"In muka ƙi, zai ba wani kantar."

"Ya ba shi mana."

"Haba Auta! Ɗan abin da bai kai farcen babban yatsa ba?"

"To tunda ƙarami ne, me ya tsone masa ido?"

Ta manna tsuntsun a fuskar katin, ta kife shi, ta ɗauko 'yar robarta ta dangwala a tawada. Hannu biyu ta sa ta danna, tana kallon ubanta.

"Baba, shekara nawa kana yanka littattafai?"

"Ashirin da bakwai."

"A wanne aka rubuta sunanka?"

"Ai ba a sa sunan mai yanka."

"To ni a sa."

Uwarta ta leƙo daga tsakar gida da kumfa a hannu. "Kai ma dai, Baban Auta. Ka san halinta, ka san inda ta gado taurin kai."

"Ba dai wajena ba," ya ce. Ya mayar da hatimin aljihu, ya ɗauki kwalin katunan ya fita.

Bai nufi kantin ba. Ƙafarsa maɗaba'a ta kai shi, ta ƙofar baya. Tun a hanya ya gama shirya abin a ransa: zai yanke siririn layin ƙasa inda tayar take, ya buga hatimin kanti a sama kaɗan. Auta ba ta zuwa kantin, matakala bakwai ne a ƙofarsa. Ba za ta taɓa sani ba. Mai kanti zai ji daɗi, ita za ta ci gaba da aikinta, kowa ya huta.

Baƙin-hannu, abokin aikinsa mai kula da injin bugawa, ya ɗago daga cikin injin. "A'a, Mai-wuƙa, yau ba hutunka ba ne? Ko a gida ma an kore ka?"

"Ɗan aiki ne na minti biyar."

Ya ɗauki kati ɗaya, mai fure ja da rubutun sannu da jiki. Ya jera shi a ƙarƙashin babbar wuƙar, ya auna faɗin yatsa biyu a ɓangaren baya, ya ja hannun. Tayar ta faɗo ƙasa tare da guntayen takardun jiya. Yankan ya fita tsaf, ba tsaga ba gashi. Ya buɗe katin ya tsayar da shi a kan tebur, kamar yadda mai saye zai tsayar da shi a gefen gadon majinyaci.

Katin ya karkata baya, ya yi ɗan jim, ya kwanta.

Ya sake tsayar da shi. Ya sake kwanciya.

Baƙin-hannu ya tuntsire da dariya. "Shekara ashirin da bakwai! Ka rage wa abu ƙafa ɗaya, kana jiran ya tsaya? Ko sabon shiga ba zai yi wannan ba."

Gaskiya ne, kuma ya sani. Kati takarda ɗaya ce da aka ninke, a kan gefe biyu yake tsayawa. Tsoro ne ya rufe masa ido. Ya ɗauki na biyu, mai tsuntsu, ya ce bari ya yanke gaba da baya tare don su daidaita. Wuƙar ta sauko. Katin ya tsaya kam, amma tsuntsun da ke gaba ya rasa ƙafafunsa da reshen da yake kai. Auta ba ta barin fili a banza, har ƙasa take kai adonta.

Mai-wuƙa ya daɗe yana kallonsa.

"Na wa ne wai?" Baƙin-hannu ya matso yana goge hannu da tsumma. Da ya ga fuskar abokinsa, ya daina dariya. Ya duƙa ya tsinto siririn layin daga ƙasa, ya ga tayar. "Aikin 'yar taka ne? Kai, wannan yarinya tana da hannu. Me ya kai ka?"

Mai-wuƙa ya karɓe siririn layin daga hannunsa. Ya sa lalatattun biyun a aljihun rigarsa, ya rufe kwalin.

Kantin a cike yake da iyaye masu sayen littattafan makaranta. Mai kanti yana bayan kanta da tabarau a kan hanci, yana waya yana ba da umarni da hannu. Mai-wuƙa ya tsaya a gefe rungume da kwali har aka gama da shi. Ya saba da irin wannan tsayuwa.

"Dattijo, an kawo? Madalla. Mu gani." Ya zaro ɗaya, bai ko kalli gaban ba, ya juya baya. Ya sauke tabarau. "Me na ce maka?"

"Yallaɓai, yarinyar ce ta…"

"Yarinya? Kai ne uba ko ita?" Ya janyo akwatin tawada daga ƙarƙashin kanta ya tura masa. "Ba wani abu ba ne. Hatimina ya fi nata girma. Koma can gefe ka danna shi a kai, zai rufe."

Mai-wuƙa ya fito da hatimin. Ya dangwala shi a tawada, ya ɗaga shi a kan 'yar tayar.

"Ku mutanen nan ba ku san alheri ba," mai kanti ya ci gaba, yana magana da wata mata da ke jiran a sallame ta, ba da shi ba. "Wata gurguwa ce a ɗaki take ɗan wasa da takarda, na ce bari in taimaka. In ba don kantina ba, wa zai san da ita? Yanzu kuma wai suna take so."

Matar ta kalli katin da ke kan kantar. Ta kalli Mai-wuƙa. Shi kuwa sai ya janye hannunsa daga kan tayar. Ya ajiye hatimin a kan farar takardar da ke gaban mai kanti. Tawadar ta bar baƙin suna a kanta.

"Yallaɓai, ga kayanka."

"Me kake nufi?"

"Ba wasa take yi ba. Kowane kati a nan awa biyu ne a zaune. In tawada ta zarce da faɗin gashi, yagawa take yi ta sake. Ni mai yankan takarda ne, na san aiki in na gan shi." Muryarsa ta fita da ƙarfin da ya ba shi mamaki, har masu saye suka juyo. "Ba a taɓa tayar nan. In kana so da ita, ga su. In ba ka so, ba dole."

"Au, haka ne? To kwashe. Har na kan kantar can, kwashe su duka. Gobe za ka dawo kana ba ni haƙuri."

"Wataƙila," Mai-wuƙa ya ce. "Amma yau dai ban dawo ba."

Ya je bakin ƙofa ya tattara guda tara da suka rage, ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗe musu ƙura da hannun riga. Ya sauko matakala bakwai ɗin. Ya tsaya a bakin titi. Ƙarfin da ya zo masa ya koma inda ya fito, ya bar shi da kwali da rana a ka. Duk hanyar gida bangon ɗakin ne a idonsa.

Ya tarar da ita tana wanke hatimai da tsumma mai ruwa. Ta kalli kwalin, ta ga ya fi yadda ya tafi cika.

"Bai karɓa ba?"

"Bai karɓa ba."

"Ka buga nasa?"

"Ban buga ba. Na mayar masa." Ya ajiye kwalin a ƙasa. "Amma kafin nan na yi wani abu."

Ya zaro biyun daga aljihu ya ajiye a gabanta. Ya faɗi komai, har dariyar Baƙin-hannu, bai rage ba. Yana magana yana kallon fuskarta, yana jiran ya ga ta juya keken ta fuskanci bango.

Ta juya mai furen, ta shafa bakin yankan da yatsa. Ta ɗauki mai tsuntsun ta daɗe tana dubawa. Uwarta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka yanke masa ƙafa," Auta ta ce.

"Na yanke."

"Da za ka yi wa arba'in ɗin haka, ka dawo ka ce mini an karɓa?"

"Da haka na yi niyya."

A waje wani yana buga ƙarfe, yana tsayawa, yana sake bugawa.

"Ban yafe ba tukuna," ta ce. "Sai na yi tunani." Ta jingina katin mai tsuntsun da gwangwanin fensira, fuskarsa tana kallon ɗaki. "Wannan ba na sayarwa ba ne. Mun zama mu biyu."

"Auta, ba kanta yanzu. Ban san inda za mu kai su ba."

"Ni ma ban sani ba." Ta janyo aljihun tebur, ta fito da rula ta ƙarfe da ƙaramar wuƙa, ta tura masa tare da damin farin kwali. "Yanko mini hamsin. Ka ƙara tsawon da yatsa ɗaya, tayar ta yi mini ƙanƙanta."

Ya ja kujera ya zauna a ɗaya gefen teburin. Sai da ya auna sau uku kafin ya ɗora wuƙar.