Mai Famfo da Littafi Na Uku

"Ƙarya ce wannan," in ji Baba Mai Famfo, allurata na cikin cinyarsa. "Yarinya ɗaya ba ta juya kan famfo mai wannan girma da hannu. Marubucin nan bai taɓa riƙe sifana ba."

"Kaka, labari ne fa," in ji Auta, ta ɗora yatsa inda ta tsaya.

"Ko a labari ƙarfe ƙarfe ne. Ci gaba."

Na zare allurar, na danna auduga. Ƙofata na kallon tasu a hawa na biyu, kuma tun da na bar aikin asibiti ni ke duba shi safe da yamma. Shekara talatin ya yi yana gyaran famfo da injin ruwa. Yanzu zuciyarsa ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura har suna sheƙi, likita ya ce kada ya wuce kofi uku na ruwa a yini. 'Yarsa na wurin aiki har yamma, saboda haka ni ke auna masa. Na ja wa kofin layi da biro.

Jikokinsa biyu ke karanta masa, don idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. Littattafai uku ne a jere, waɗanda duk 'yan makarantarsu suka karanta. Labarin wani gari ne da ruwa ya ƙafe, shugabanni suka kulle babban tanki a kan dutse, suna tura matasa ƙarƙashin ƙasa su haƙo musu. Wata yarinya ta jagoranci bore.

A kan na farko da na biyu babu gardama. Na uku ne ya raba gidan. Babbar jikar, wadda yake kira Lauya saboda bakinta, ta taɓa yin jifa da shi har bangonsa ya yage.

"Anti, shekara biyu ina bin yarinyar nan," ta ce mini a kicin, murya ƙasa-ƙasa. "Ta ƙwace tankin, sai ta sake kulle shi tana auna wa mutane, kamar waɗanda ta kora. Rabin ajinmu sun ce an yaudare mu."

"Ɗaya rabin fa?" in ji Auta daga bakin ƙofa. "In ta buɗe, kwana nawa zai yi? Ke dai kin fi son a yi miki ƙarya mai daɗi."

"Ke kuma kin fi son ki nuna kin fi kowa fahimta."

Abu ɗaya suka yarda a kai: kada a gaya wa kakan ƙarshen, sai an kai wurin.

Ran Talata na same shi a zaune, an tara masa filo huɗu, numfashinsa na ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. Na jira 'yarsa a matakala na ce ta kira 'yan uwa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ajiye jakarta ta zauna a wurin.

Shi ma ya sani. Da yamma ya tambayi Auta shafi nawa ya rage.

"Ɗari da sha biyu."

"Tsallake. Kai ni ƙarshe."

Lauya ta ja ƙanwarta waje, ni ma ta yafuto ni.

"Ki canza," ta ce wa Auta. "Ki ce ta buɗe wa kowa, an sha an yi wanka. Ai ba ya ganin rubutun."

"Ba zan yi wa mai mutuwa ƙarya ba," in ji Auta.

A ranar aka fara furta kalmar a gidan. Suka juyo suna kallona. Na ce ni ban karanta ba, kuma littafin ba nawa ba ne.

Auta ta koma ta karanta yadda aka rubuta. Lauya na tsaye a jikin taga, ta ba su baya. Da aka gama, tsohon ya lumshe ido, har na matsa na kama hannunsa ina ƙirga bugun.

"Tankin lita nawa ne?" ya ce.

"Marubucin bai faɗa ba, Kaka."

"Mutanen garin fa?"

"Shi ma bai faɗa ba."

"Ka ji rago." Ya huta, ya ja iska. "To, Lauya, juyo. Yarinyar ta yi daidai. Amma da zan gamu da ita a hanya, ba zan gaishe ta ba."

"Wannan ai ba hukunci ba ne," in ji Lauya, tana goge hanci da bayan hannu.

"Shi gare ni. Nas, a ba ni ruwa."

Ya riga ya sha ukunsa. Na dubi ƙafafun, na dubi leɓunansa da suka tsage. Na ɗauki kofin na cika shi har baki. Ya dube shi, ya dube ni. Rabi ya iya sha.

Ya rasu bayan kwana biyu, da hantsi, yaran na makaranta. Ni da 'yarsa ne a ɗakin. Na duba agogo kamar yadda na saba, na rufe masa ido, na kashe fanka.

Da baƙi suka watse, uwar yaran ta ce a fitar da katifar ta sha rana. Yaran suka ɗauko ta, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A kwanar matakala ta maƙale, sai da na riƙe musu gefe ta wuce. Suka shimfiɗa ta a kan siminti a bayan ginin, kusa da igiyar shanya. Ina ganinsu ta tagata. Tsakiyar katifar ya lotsa, su kuma sun zauna a bakinta, kafaɗa da kafaɗa, har inuwar ginin ta iso ƙafafunsu.