Ƙullin Ƙasar da Habsu Ta Ba Ni

Mu bakwai ne da muka gama sakandare tare a Gummi, kuma duk Asabar ɗin ƙarshen wata mukan haɗu a rumfar shagon Ɗanmusa mai gyaran waya a Bukkuyum. Babu shugaba, babu takarda. A dafa shayi, kowa ya baje abin da ya gano na zamani. Yau a kwance batirin sola a ga cikinsa, wani watan a raba rana ana gardamar yadda murya ke shiga waya ba igiya. Ni Dabo na fi kowa baki a wurin, ko da yake tun da muka bar makaranta dutsen zinari nake niƙawa a gidana a Duza.

A shekarar da yara suka fara mutuwa a ƙauyukanmu, Mas'ud ya zo da wata na'ura cikin jaka, kamar bindigar wasan yara. Farfesa muke kiransa, don shi kaɗai a cikinmu ya ci gaba da karatu, yana aikin gwaji tare da ma'aikatan lafiya a Anka. Ya ce in an ɗora bakinta kan ƙasa za ta faɗi yawan dalmar da ke ciki, kuma dalmar nan ta ƙurar niƙa ita ce gubar da ke cin yara.

"Wata mai zuwa kowa ya kawo min ƙasar tsakar gidansa," in ji shi. "Wanda tasa ta yi yawa, zan sa sunan yaransa gaba a gwajin jini."

Na ce, "Farfesa, wagga aba, tana ganin zinari?"

"In yana da yawa, tana nunawa."

Kafin ya rufe baki sai ga hannun Abdulbasit a kanta, yana shafawa kamar mai taya akuya. Abdulbasit ɗan ajinmu ne, amma dillalin zinari ne, kuma tun muna aji ɗaya ba ya ganin abu a hannunka ya bar ka da shi. Na ce a raina, lallai biri ya yi kama da mutum.

Ku gane, mai haƙa ba ya ba wani ƙasarsa. Wanda ya san aiki, da ya wanke ta a kwano ya ga launinta ya san ramin da ta fito. Ni kuwa a lokacin ina da sabon rami ta wajen Zugu, ko ƙanena ban nuna masa ba, kuma ƙurar dutsensa ce cike da tsakar gidana. Ga kuma raɗe-raɗin cewa duk gidan da aka samu da guba za a ɗauke injin niƙansa. Sai kawai a ce in ƙulla ƙasata in kai wa mai na'ura, dillali na zaune a gefensa? Haba!

Kuskurena ɗaya, na ba matata Habsu labari. Ranar taro tun da safe ta share gefen injin, daidai inda ɗiyarmu Saude ke zama da 'yan gwangwanayenta, ta ƙulle ƙasar a leda ta miƙo min.

"Malam, don Allah a duba da kyau. Komai ta samu baki take kai shi."

Na ce to. Da na isa Bukkuyum na cusa ƙullin ƙarƙashin kujerar babur, na duƙa bayan tasha na ɗebi yashi mai tsabta a wata ledar.

Mas'ud ya gwada ƙasar kowa. Da ya zo kan tawa ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Ikon Allah! Kai da ke niƙa a gida?" Na ce ai Habsu ba ta wasa da tsintsiya. Aka yi dariya. Ina ta satar kallon Abdulbasit, shi kuwa ko kallon ledata bai yi ba. Tasa ce ta nuna dalma da yawa, ya tashi fuska a murtuke ya tafi ɗauko yaransa. Har wannan ma na ce wasan kwaikwayo ne. Na koma gida ina jin kaina gwani, na ce wa Habsu an ce gidanmu lafiya lau.

Bayan wata biyu Saude ta daina cin abinci. Ran nan da hantsi tana wasa sai ta ƙame, idanu suka juye, jiki na jijjiga. Muka ɗora ta a babur, Habsu na rungume da ita har asibiti a Anka. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma yarinyar da ke kiran Inna sau ɗari a wuni, ko an kira sunanta ba ta juyowa.

Kwana uku muna can sai ga Mas'ud da jakarsa. Muna zaune a inuwa kusa da babur ɗin, Saude na kan cinyar uwarta. Bai ko zauna ba, durƙusawa ya yi gabanmu, idonsa jawur.

"Dabo, ka yafe min. Ni na ce maka gidanka lafiya. Da na sa sunanta tun a lokacin, da an tare abin da wuri. Na'urar nan ƙarya take yi, yau zan mayar wa ma'aikatan lafiya da ita, kuma zan gaya wa sauran kada su yarda da gwajina."

Wallahi da duka ya rufe ni da shi da ya fi min sauƙi. Na tashi na ɗaga kujerar babur. Ƙullin na nan inda na cusa shi, ledar ta yi baƙi da mai. Na ajiye gabansa na ce, "Gwada wagga. Waccan yashin bayan tasha ne."

Ya kwance ƙullin, ya ɗora bakin na'urar. Da ya ga abin da ta nuna, kashe ta kawai ya yi ya sunkuyar da kai.

Habsu ba ta kalli na'urar ba, ledar take kallo. Can ta ce, a hankali, "Malam, ai wannan ɗaurina ne."