Mazarƙwailar da Ta Je Fatakwal

Ni ne Mijinyawa na kasuwar Hunkuyi. In kana neman rumfar dillalin mazarƙwaila, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka. Shekarata saba'in da huɗu a lissafin ƙanwata, ni ban ƙirga ba. Ban taɓa zama a bencin makarantar boko ba, takarda ma da babban yatsa nake sa mata hannu. Amma na ga auduga ta yi tashe ta faɗi, na ga farin da ya sa muka ci dusa, na ga gobara ta cinye layinmu kaf ta tsaya daidai kan rumfata. Waɗanda muka fara dillanci tare, wasu sun kwanta dama, wasu suna zaure suna jiran abin da 'ya'ya za su miƙo. Ni ina nan.

Aikina ba ɓoyayye ba ne. Mutanen Kudan da Gubuchi, har Saulawa ta ƙasar Ikara, su matse rake, su dafa ruwan, su zuba a 'yan kwanoni ya daskare, su ɗauro a mashin su sauke a rumfata. Fatake su zo daga nesa, in haɗa su da kaya, in karɓi la'adata. Shekara hamsin ke nan.

Bara, ana fara saran rake, sai ga wani saurayi Zayyad, wakilin wani kamfani na Kaduna. Ya tara masu dafawa a gindin ɗorawa, ni ma na je na tsaya a baya.

Ya ce, "Mu ba ma saye, ba ma sayarwa. Ka kawo kayanka shagonmu, mu ɗauki hoto mu sa a waya. Mai saye yana Legas ko Fatakwal, ya gani, ya danna, ya biya. Mota ta kai masa. Mu cire namu kaɗan, saura ya faɗa asusunka. Babu ɗan tsakiya."

Na ce, "Samari, ku da za ku cire naku kaɗan, a gefe kuke zaune?"

Aka yi dariya. Ya ce, "Baba, ai mu hanya ce kawai."

Na ce, "Ni ma shekara hamsin hanya ce ni. Sai dai ni ina amsa gaisuwa."

Na ci shi a baki, shi kuma ya ci ni a kasuwa. Ba zan yi ƙarya ba, farashinsa ya ɗara nawa. Wanda ya fara sauya sheƙa kuwa Inuwa ne na Gubuchi, ɗan kawuna, abokin wasana, wanda ni na sayar da dahuwarsa ta farko tun bai iya ɗaura rawani ba. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kafin wata guda, ko ƙudan zuma sun daina zuwa rumfata.

Inuwa in zai wuce da kaya sai ya rage gudun mashin. "Tsoho, gadin me kake yi?"

"Gadin wurin da za ka zo ka yi kuka."

"Ka sayi waya mai hoto mana, mu ɗauke ka mu sa, ko za a samu mai taya ka!"

"Kai aka sa, an taya?"

Wasa ne, amma yana shiga.

Babban ɗana Mu'awiyya, mai shekara arba'in da iyalinsa, yana sana'ar cire kuɗi da cajin waya a ƙarƙashin laima a bakin kasuwa. Farkon watan Rajab ya same ni da safe muna karyawa, ya durƙusa, ya daɗe yana gaisuwa, na san da magana.

"Baba, rumfar nan tana zaune haka kawai. Da ka ba ni makullin na sa kanta na shiga inuwa. Kai kuma ka huta, abin cefane ba zai gagara ba."

Uwarsa Zulai tana zuba koko ta ce, "Gaskiya ya faɗa, Malam. Kullum ka fita da tsintsiya ka dawo da tsintsiya."

Raina ya ɓaci, bakina ya riga ni. Na ce, "To ku shaida. In aka ga watan azumi ba a sauke kayan ciniki a rumfar nan ba, makulli naka ne, ni kuma in dawo zaure."

Makullin da ubana ya miƙa mini da hannunsa ke nan. Na faɗa kuwa, kuma ni ba na lashe amaina.

Na ci gaba da fita. In share, in shimfiɗa buzu, in zauna ina kallon kayan mutane suna wucewa zuwa shagon kamfani. A wannan kallon na lura da wani abu. Duk mako mazarƙwailar ƙara fari take yi. Ranar wata kasuwa na tare Inuwa na zaro guda daga kayansa, na danna farce, farcen ya nutse.

Na ce, "Kun fara sauke wuta da wuri."

Ya ce, "Farar ita ke fita a hoto, kamar zinariya. Baƙar sai ta kwana goma ba wanda ya danna ta. Ga itace ya ragu, ga nauyi a sikeli. Kowa haka yake yi yanzu."

"Ina ake kai ta?"

"Ina ruwana? Waya ta sani."

"In kudu za ta, ba za ta isa ba."

Ya kwashe da dariya. "Hassada ga mai rabo taki, tsoho!" Ya ja mashin.

Na faɗa sau ɗaya, na sauke nauyi. Ban bi kowa gida ba.

Sha'aban ya kwana goma sha tara, da hantsi, sai ga Zayyad da Inuwa a ƙofar rumfata, suna ɗauke da kwali yana ɗiga. Inuwa ya cire takalmi tun daga nesa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, har ya tambayi ƙafata da ta yi ciwo shekara uku da suka wuce.

Na ce, "Inuwa, wa ya mutu?"

Zayyad ya buɗe kwalin. Babu mazarƙwaila ciki, sai wani abu kamar maɗi, da tururuwa. Ya nuna mini hotuna a waya, na Legas, na Fatakwal, duk haka. Ya ce masu saye suna ba kaya taurari, biyar in sun ji daɗi, ɗaya in sun ji haushi, kuma nasu ya sauko har ƙasa. Kamfani ya mayar wa mutane kuɗinsu ya gaji. Manyansa sun ce ƙarshen wata za a cire mazarƙwaila daga wayar gaba ɗaya. Ga mutum arba'in da ɗoriya sun dafa kayan azumi sun tara, fataken da kuma sun daina zuwa tun da suka zo sau biyu ba su sami komai ba.

Ya ce, "Mun zargi direbobi, mun canza kwali. Baba Inuwa ya ce ka taɓa faɗa masa wata magana."

Na gyara zama. Na bari suka ɗan jira, don jira ma karatu ne.

Na ce, "Iskar Kano da Katsina busasshiya ce, fara tana wata biyu a can ba ta yi komai ba. Iskar kudu kuwa ruwa ce, kana shaƙa kamar kana sha. Ba abin da ke zuwa can sai wadda ta ji wuta ta yi tauri. Shekara hamsin, duk kayan da aka sauke a nan, na arewa in tura dama, na kudu in tura hagu. Su masu dafawa ba su taɓa sanin inda kayansu ke kwana ba."

"To me ya sa ba wanda ya gaya mana?"

"Ɗan tsakiya ne ke faɗa. Kun cire shi."

Yaron yana da kai, ba zan hana shi ba. Nan take ya ce, "Shi ke nan, sai mu riƙa tura baƙar kudu."

Na ce wa Inuwa ya ɗauko mini baƙaƙe guda biyu daga kayansa. Ido ba zai raba su ba. Na ƙwanƙwasa ta farko da zoben azurfata, ta ce ƙwas. Na ƙwanƙwasa ta biyu, ta ce dum. Na fasa ta biyun a gwiwa, cikinta danƙo sharkaf. Wuta ta yi yawa ta ƙona launi, ruwa bai ƙare ba.

Na ce, "Wayarka tana jin wannan?"

Zayyad ya karɓi ɓarin ya duba cikinsa. Sannan ya fita ya kira manyansa, ya dawo ya ce sun yarda da gwaji guda. Kwali goma, ni zan zaɓa, a kai wa wata Hajiya Sabuwa mai sayar da kayan kunu a Fatakwal, wadda ta fi kowa faɗa. In ta karɓa ta ajiye kwana uku bai narke ba, za a ci gaba, kuma za a yi magana da ni. In ko ɗaya ya ɗiga, an rufe.

A shagonsu na yi zaɓen, yini biyu cur. Zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya, na daman ma sai na kanga. Na sa aka kashe janareta, na kori masu surutu. Cikin ɗari uku na Inuwa, arba'in na ɗauka.

"Haba ɗan'uwa! Ko don zumunci?"

"Zumunci ba ya hana narkewa. Matsa."

Da na koma gida Zulai ta ce, "Da ka sa sun kawo rumfarka ka zaɓa a can, ai da alkawari ya cika."

Na ce, "Kayan gwaji ba kayan ciniki ba ne. Ban cuci bare ba, ɗana zan cuta?"

Mota ta tashi ran ashirin da ɗaya. Kwana uku ya kamata ta yi. Sai ta lalace a hanya ta ƙara biyu, kayana suna ciki a rufe, a ƙasar da ko riga ba ta bushewa. Na ce wa kowa ko a jikina. Tuwo dai Zulai ta san nawa nake ragewa.

Ran ashirin da tara, bayan azahar, Mu'awiyya ya zo rumfa da kafinta. Ya gaishe ni da ladabi, kafinta ya fara auna bango. Ban hana ba. Na zaro makullin daga aljihu na ɗora a kan buzu inda kowa zai gani. Aka kira la'asar, muka yi salla, muka dawo. Mutane sun fara duban yamma.

Sai ga mashin ɗin Zayyad. Bai ko kafe shi daidai ba, ya miƙo wayar kusa da kunnena, na juya masa na dama. Saƙon murya ne daga Hajiya Sabuwa, da ƙarfi kamar tana kiran wani a hayin kogi.

"Zayyad, ka ji ni ko? Kaya sun kwana uku a shago, ko ɗigo babu! Sai da na sa taɓarya na fasa. Irin wadda mahaifina ke kawowa daga Hunkuyi ke nan muna yara. Wane ne ya zaɓa? A ƙaro mini hamsin, kuma in ba shi ya taɓa ba, kada a ɗora a mota!"

Na ce, "Sake sa ta. Kafinta bai ji ba."

Zayyad ya ce kamfani zai ɗauke ni aiki da albashi, a ba ni kujera a shagonsu. Na ce ni ba a taɓa ɗaukata ba tun da uwata ta sauke ni daga baya. La'ada nake so a kan kowane kwali, kamar yadda ubana ya karɓa. Kaya kuma a nan za a sauke, kamfani ya zo ya same su. Na arewa dama, na kudu hagu. Wanda ke kudu kada wayarsa ta nuna masa fara ko da kuskure. Ya sake kiran manyansa, suka yi ta Turanci, ya dawo ya ce sun amince, sai dai suna so a san kwalin da na duba. Ya tambaya ko zan iya rubuta sunana.

Na ɗaga babban yatsa. Na ce, "Kawo tawada."

Ashe Inuwa yana bayan masallaci da kayansa tun azahar, yana jiran ya ji inda iska za ta kaɗa. Shi ya fara saukewa, rana ba ta faɗi ba. Mutum shida suka biyo bayansa.

"Tsoho, ka yi mini sassauci."

"Koma ka ƙara wuta. Ka zo kukan da na ce?"

"Hayaƙin mashin ne ya shiga idona."

Da magariba aka ce an ga wata. Na ɗauki makullina na mayar aljihu. Mu'awiyya ya sallami kafinta, ya zo ya tsuguna ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Na dube shi, na tuna laimar nan tasa da rana ta cinye. Na kira kafintan na ce ya auna kusurwar gabas. Yanzu a nan yake da kantarsa, duk mai dafawar da kuɗinsa ya faɗo a waya, wurinsa yake cira kafin ya bar rumfa. Kusurwa na ba shi, ban ba shi makulli ba.

Zayyad ya ce a kudu yanzu ba sa tambayar sunan kamfani, cewa suke a ba su mai yatsa. Ya nuna mini taurarin sun koma biyar saura kaɗan. Na ce ya binciko mini wanda ya riƙe kaɗan ɗin, ina son jin dalilinsa.