Rijiyar Ƙofar Mai Gari

Sodangi bai taɓa tsanar mutum kamar yadda ya tsani Malam Mahmuda ba. Shekara goma sha ɗaya yana helma, wato shugaban masu haƙar rijiya, tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, sai kawai a shekarar samun 'yancin kai aka turo wannan ɗan boko, da igiyar awo da fensir a kunne, aka ɗora masa shi a ka. Aka ce rijiyar wani ƙauye bayan Rawayau ita ce gwaji. In ta yi kyau, rijiyoyin yankin duka na Mahmuda ne, in ta ɓaci a mayar wa Sodangi. Da wannan magana Sodangi yake kwana, da ita yake tashi.

A faɗi gaskiya, Mahmuda ya san aiki. Zai dubi ƙasa ya ce ruwa na gaba goma sha biyu, kuma nan za a tarar da shi. Amma ko gaisuwa bai iya ba, sai shegen girman kai. Ranar farko, a gaban leburori, ya ce wa Sodangi ba a tambaye shi ba, ya riƙe igiya kawai.

To, ya riƙe. Yana riƙe da ita Mahmuda ya kafa turken inda za a haƙa rijiyar a ƙofar mai gari, dab da tsamiyar da dattawa ke zama tun hantsi har la'asar. Ƙauyen nan kuwa garin uban Sodangi ne. Ya san mutanen garin Fulanin gida ne, matansu ke ɗebo ruwa, kuma mace ta gwammace ƙishirwa ta kashe ta da ta duƙa jan guga surukinta na kallo. Wani lebura ya buɗe baki zai yi magana, Sodangi ya galla masa harara. Leburorin nan nasa ne, ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Rijiya ta fito tsaf, kankare sumul, ruwa garau. Bayan damina Malam Ɗanmusa, babban mai duba ayyuka, ya iso. Ko leƙa rijiyar bai yi ba. Ya dubi ciyawar da ta kewaye ta har gwiwa, ya shafa bakinta bai ji sawun igiya ba, sai ya bi hanyar da ƙafa ta cinye, Mahmuda da Sodangi suka bi shi. Hanyar ta kai su tafkin da shanu ke sha. Ga mata nan suna cika tuluna, wasu na ɗingishi saboda kurkunu.

Mahmuda ya hau faɗa, wai jahilai ne, an ba su ruwan kirki sun zaɓi taɓo. Daɗi kamar ya kashe Sodangi, da ƙyar ya danne dariya.

Malam Ɗanmusa ya durƙusa ya gai da wata tsohuwa, ya tambaye ta dalili. Gogo Rekiya ce, yayar uban Sodangi. Ta gaya masa zancen surukai, sannan ta nuna Mahmuda da haɓa.

"Wannan baƙo ne, bai sani ba. Amma wancan a bayana ya girma." Ta miƙo ƙafarta da ta kumbura suntum. "Sodangi, kana nan aka kafa turken?"

"Ina nan, Gogo."

"Ka yi magana?"

Ya sunkuyar da kai.

Nan take Malam Ɗanmusa ya ce Mahmuda ya koma Dutsin-Ma kwaɓa siminti, tunda abin da ya iya ke nan. Sodangi ya gyara hula ya matso. Malam Ɗanmusa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce zai turo wani daga Katsina, don ba zai ba da rijiyoyin jama'a ga wanda ya bar danginsa da kurkunu saboda haushin mutum ɗaya ba. Ya wuce abinsa.

Gogo Rekiya ta cika tulunta tana neman mai ɗora mata. Sodangi ya yi sauri ya kama.

"Sakar mini tulu," in ji ta, ta kira wata mata daga can gefen tafki.