Ranar da Bebiya Ta Yi Magana

A shekara ta uku da shigowar Japanawa tsibirin Cebu, Teryo Batucan ya kwashe maƙerarsa daga garin Danao ya koma kan dutse, yana gyara wa mayaƙan sunƙuru bindigogi. Cikin makaman da jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka ya sauke musu akwai wata ƙaramar bindiga mai dogon bututu, wadda in an harba ba ka jin komai sai ɗan tari. Suka sa mata suna Bebiya. Shugabansu, Laftana Labitad, ya maƙale ta a ƙugu, ya hana kowa taɓawa.

Sau ɗaya aka bar Teryo ya duba cikinta. Ya ce wa Laftana, "Abin da ke danne ƙarar nan cinyewa yake. Harbi goma sha biyar, ta gama. Ka adana ta."

"Kai dai hura wutarka, tsoho," in ji Laftana.

Bayan wata biyu, da hantsi, Teryo na bakin maƙera sai ga Laftana ya hawo a fusace, wandonsa duk taɓo. Ya jefar da bindigar kan uwar maƙera.

"Munafuki! Me ka yi mata? Na harbi mai gadin gada, ta yi ƙara kamar aradu, barikin duka ya taso mana!"

Teryo bai dubi bindigar ba, hanya yake kallo. Mutum shida suka sauka har da Laftana, biyar suka dawo.

"Ina Pablito?"

Pablito ƙanen Teryo ne, mai 'ya'ya uku, yana cikin waɗanda suka sauka. Ɗaya daga cikin mayaƙan ya cire hular kabarsa ya sunkuyar da kai.

Teryo ya ajiye guduma a hankali, don ya san in ta zauna a hannunsa za a yi ɓarna.

"Harbi nawa ka yi da ita a bikin 'yar Tiya Meding?" ya tambaya. "Ka sha bammi ka ƙoshi, kana kakkaɓo kwakwa don 'yan mata su yi maka shewa. Ina wurin, na ƙirga goma sha biyar."

"Ka iya bakinka! Wa ya sani ko Japanawa ne suka saye ka?"

"Ni suka saya, kai kuma ka bar musu gawar ƙanena ka gudo?"

Laftana ya fizgi bindigar ya ɗora masa a goshi.

"Harba mana," in ji Teryo. "Yanzu ai tana da murya. Japanawa su ji daga ƙasa, su hawo su same ka."

Saje Tibong, wanda ya girme su duka, ya kama hannun Laftana ya sauke. "Ya isa, ranka ya daɗe. Mu ma muna wurin bikin."

Laftana ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, bai ga mai goya masa baya ba. Ya tofar da yawu. "To, gyara ta."

"Ko zan iya, ba zan gyara ba."

Teryo ya ɗaura wa ɓaunarsa ta noma keken ja, ya sauka gada shi kaɗai kamar manomi. Sai da ya durƙusa wa sojan Japan sau uku kafin suka bar shi ya ɗauki gawar. Ya binne Pablito a bayan gonar masara.

Da aka gama yaƙi, an ba Labitad lambar yabo. Shekara talatin suna haɗuwa a ƙofar coci duk Lahadi, Teryo bai taɓa amsa gaisuwarsa ba.